Rasuwar Baba Gurnani, Rishon da Ya Rufa wa Gidanmu Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin kananzir, da kuma gira ɗaya tak da ta rage mini, ni Alidu, tsohon direban tashar Tudu, mazaunin ɗaki na ƙarshe a gidan Hajiya Zuera da ke Nima, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar dattijon gidanmu, rishona mai famfo, wanda kowa ya sani da Baba Gurnani. Ya cika ranar Asabar da hantsi, bayan doguwar jinya da gajeriyar lafiya. Lafiyar ce ta kashe shi.

Marigayin ɗan tagulla ne gaba da baya, mai ƙafa uku da tumbi kamar na mai unguwa. Na gaje shi daga mahaifina, wanda shi ma direba ne. Marigayin bai je Makka ba, amma ya je Bawku a bayan babbar mota har kwastan suka san fuskarsa. Bai taɓa neman wutar lantarki ba. A ba shi kananzir, a ɗiga masa sifirit ya ɗumama wuya, a buga famfo, sai ya yi gyaran murya: tuf, tuf, tuf. Daga nan sai guuuuuu! Kaji su watse, mai rediyo ya haƙura ya kashe.

Wannan murya ita ce babban alherinsa. Duk wanda ya zauna gidan haya a Nima ya san abin da ke tsakanin ɗaki da ɗaki: falanki, sai fatan alheri. In ka yi atishawa, maƙwabci ne zai yi maka addu'a. Amma in Baba ya buɗe baki, miji da mata za su iya rabon gado, su tsine wa dangin juna, su shirya, ba wanda ya ji. A ɗakinmu, in na ce wa matata, "Lamisi, tashi Baba," ta san akwai labari. Maƙwabta kan zo aronsa ba tukunya ba buta, kuma bai taɓa tambayar me za a dafa ba. Hajiya Zuera da kanta ta are shi ranar da surukanta suka zo daga Kumasi. Ya tafi da abin da ya ji.

Sadakar da ya karɓa a wurina ita ce kunnena. Shekara da shekaru ina zaune kusa da shi, har ta kai sai an ɗaga murya nake ji, ni ma sai na ɗaga nake yarda na yi magana. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Ciwo ya fara masa tun bara. Fatar famfonsa ta bushe, ka buga ka buga kamar kana daka iska. Harshensa mai shuɗi ya koma rawaya, yana tari, yana tofar da baƙin hayaƙi a gindin buta. Ana cikin haka na tafi biki Tamale, sai ƙanin Lamisi, Muftahu, mai gyaran fanka a Alajo, ya ɗauke shi ba da sanina ba, wai zai ba ni mamaki.

Gaskiya yaron ya yi aiki. Ya wanke tankin, ya yanko sabuwar fata daga tsohon takalmi ya jiƙa ta da mai, ya share hancin da wuta ke fita, ya goge tagullar da lemun tsami da toka har kana ganin haƙoranka a cikinta. Sannan ya yi abin da ba a aike shi ba. Ya gani a waya cewa akwai wata 'yar hular ƙarfe mai huji-huji da ake kifa wa irin su Baba a kai, wuta ta ci ba ƙara. Ya nemo, ya kifa. Da ya kawo shi, ya tsaya yana washe baki yana cewa, "Yaya Alidu, cale, mutumina, yanzu Baba ya waye!" Ni dai bakinsa na ga yana motsi, na ce madalla; sai daga baya Lamisi ta faɗa mini abin da ya ce.

To, ga al'adar gidanmu. Kowace Asabar Hajiya Zuera, wadda ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi, takan aiko wa kowane ɗaki kwano guda, kyauta. Wannan Asabar ɗin ma kwano ya iso. Na ce, "Lamisi, tashi Baba." Ta ɗiga sifirit, ta buga famfo, wuta ta kama shuɗiya shar. Ni kuwa da ganin shuɗi sai na buɗe maƙogwaro kamar yadda na saba:

"Ei, Lamisi! Wai wannan wake ne da tsakuwa, ko tsakuwa ce da wake? Tun da muka shigo gidan nan akuyar Razak nake juye wa, ita ma ido rufe take ci!"

Lamisi ta mintsine ni. Na ɗauka daɗi ta ji, sai na ƙara da bayani kan shiton Hajiya, wato yajin nan nata mai mai, na ce da shi za mu riƙa shafe taya a Tudu. Ta sake mintsini, wannan karon da farce, tana nuna Baba. Na duba. Yana ci lumus, shiru, kamar sabon ango gaban surukai. A tsakar gida an daina wanki. Razak, maƙwabcinmu mai akuyar, ya tsaya da buroshi a baki. Sai falanki ya yi motsi, muryar Hajiya ta ratso, wadda ko kurma zai ji:

"Direba, maimaita mini wajen akuyar. Ban ji da kyau ba."

Kafin shayi ya tafasa an yanke hukunci: in kwashe kayana kafin Juma'a.

Abin da ya biyo baya, baƙin ciki ne ya jawo. Na fizge hular na jefa ta bayan katanga, na soka allurar ɗinkin Lamisi a hancinsa, na kama famfo ina bugawa ina cewa, "Baba, yi magana!" Ya yi. Guuuuuu! Irin wadda bai taɓa yi ba tun yana saurayi, har tantabarun unguwar Maamobi suka tashi. Wuta ta lashi silin, ta tafi da girata ta hagu da rabin gashin baki. Sai cikinsa ya tsage ta gefen ɗinki. Lamisi ta kifa masa jiƙaƙƙen buhu. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce fssss.

Ya rasu ya bar butar shayi guda, baƙa ƙirin saboda zaman aure, da kwalbar sifirit, da allurar share hanci, da ƙaninsa kurfoti mai hayaƙi ba magana. Ya bar ma'aurata da yawa waɗanda yanzu sai sun fita bakin babbar kwata, inda motoci ke hon, kafin su yi faɗa. Ya bar Muftahu, wanda aka yafe masa amma kada ya zo.

Jana'iza: an tuntuɓi liman, ya ce a rabu da shi. Don haka za a naɗe marigayin a tsohon zanen Lamisi, a ɗora shi kan sif bayan la'asar.

Muna godiya ta musamman ga Hajiya Zuera, wadda ta tako har ƙofa ta yi ta'aziyya, ta dubi inda girata take a da, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Direba. Ba a korar mai makoki, ka zauna zuwa sadakar arba'in. Amma abincin makoki ni zan dafa kullum, kai za ka fara ci, a tsakar gida, ido buɗe. In na ga gindin kwano, sai mu yi maganar ɗaki."

Saboda haka za a yi zaman makoki a ɗakin nan dai na ƙarshe, kuma a nan muke fatan yin na shekara, in haƙora sun kai. Ana roƙon Razak ya ɗaure akuyarsa. Masu zuwa gaisuwa kuma su yi magana a hankali, don Allah. Yanzu ana ji.