Sakin da Tsohon Tela Ya Yi wa Amaryarsa

"Lafiya lau, tsohon miji. Ƙafar dai ba ta gudu ta bar ka ba?"

Tsohon tela ya ɗago daga kan kekensa, ya harari jikarsa ta saman tabarau. Shi fa duk mai kawo ɗinki sai ya sha labarin yarinyar nan da ta fi kowa maki a jami'a. Amma ya yabe ta a gabanta? Ina!

"Amarya marar girki, takardun me kika kwaso?"

"Na digiri na biyu. Wannan na aji ne, shekara ɗaya, a koyar da mu, mu yi jarrabawa, nan cikin gari. Wannan na bincike ne, shekara biyu, can nesa, daga ni sai malami ɗaya sai cutar tumatir. Yau ake rufewa. Na aji na zaɓa."

"Na aji? Ke da ba kya barin malami ya kai aya? A sake dasa ki a benci ana ba ki a baki?"

"To, in tafi bincike in dawo da furfura irin taka?"

"Furfurata? 'Yan mata har layi suke yi."

"Layin karɓar ɗinkin da ka ɓata dai."

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Nan take ta miƙo ruwa, ta laluba aljihunsa, ta duba ko ya sha maganinsa. Sai tsoho ya gane. Wata uku tana cika masa kunne da zancen tumatir, ashe saboda shi za ta haƙura.

"Don ni ne, ko?"

"Kai? Allah ya sawwaƙe!"

"To, na sake ki."

"Kaka!"

"Saki uku. Na gaji da mace mai gadin magani. Ƙanwarki zan aura, ita ma ta iya miƙa ruwa. Tattara ki tafi."

"In ka ƙi sha fa?"

"Sha kam dole. Wa zai mutu bai ga sunan tsohuwar matarsa a bangon littafi ba?"

Ta fashe da dariya, ido taf da ƙwalla, ta jawo takardar binciken.

"Ba ni biro, azzalumin miji."

Ya zaro nasa daga aljihu, alfahari kamar ya fasa masa ƙirji.

"Riƙe shi ma. Kayan sallamarki ke nan."