Biyun da Hanan Ta Sani

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ranar da muka yi baƙi a gidanmu da ke unguwar Satwa, a nan ƙasar Larabawa. Lokacin 'yata Hanan tana da shekara uku, kuma tana ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Hausa, da Larabci, har da Turanci. Ni na koya mata. Babu wanda ban ba labari ba a wurin aikinmu a Jebel Ali (har wani direban babbar mota da ba ruwansa sai da na tare shi na nuna masa bidiyo).

Cikin baƙin akwai Anti Rabi, yayar matata, wadda ta daɗe tana koyar da ƙananan yara a Kano. Ana gama cin abinci na tsayar da Hanan a tsakiyar falo.

"Yalla, Hanan, nuna musu!"

Ta zubo su tiryan-tiryan, aka yi ta tafi. Kaina ya kumbura, har da cewa ajin manya za mu nema mata.

Anti Rabi ta yi murmushi, ta jera dabino biyar a faranti. "Hanan, nawa ne nan?"

Yarinya ta fara nunawa. Ta taɓa wannan sau biyu, ta tsallake wancan, baki na gudu ya bar yatsa a baya. "Goma sha ɗaya!"

Na ce barci take ji. Na jawo farantin, na ware dabinon da kaina don ta gani da kyau. Ta zaro ido: "Abba, sun ƙaru!"

"Abban Hanan, kwantar da hankalinka," in ji Anti Rabi. "Hadda ta yi, kamar waƙa, haka duk yara suke farawa. Amma biyu dai na tabbata ta sani. Hanan, ba ni biyu."

Ta ɗauko biyu cif, ta miƙa. Na fara samun sauƙi ke nan sai ta ƙara da murna: "Kamar lemon Abba! Biyu ya sha a kicin, ya ce kar in faɗa wa Mami."

(Wata guda ke nan da likita ya hana ni zaƙi, kuma na rantse wa matata na daina.)

Falo ya fashe da dariya. Matata ba ta yi ba, kallona kawai take. "Biyu ko?"

Tun ranar na daina tara mata jama'a. Muna zama ne ni da ita, mu ƙirga cokula ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Jiya ta kai huɗu ba kuskure. Na yi murna ƙwarai, na kuma gane dole in ƙara kiyayewa.