Rasuwar Ma'ajiya, Mai Ƙirga Kuɗi Ɗaya Sau Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihu mai cike da iska, kafintan bakin layi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ma'ajiya, manhajar lissafin kuɗi da ta zauna cikin wayarsa wata goma sha ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aiki, tsakanin zarto da gwangwanin ƙusa.

Marigayiya mai ladabi ce, ba ta taɓa musa wa maigidanta ba. Wuri uku yake ajiya: banki, asusun waya, da durowar shago. In ya ɗebo daga banki ya zuba a waya, sai ya rubuta mata kuɗi sun shigo, ta ce "tilin!", koren layinta mai nuna riba ya ƙara tsawo. In ya ciro daga waya ya sa a durowa, "tilin!" kuma. Fitarsu kuwa ba ya rubutawa, don a ganinsa abin da bai bar gida ba bai fita ba. Haka naira dubu ashirin guda ɗaya tak ta yi ta zagaye, Ma'ajiya tana yi mata maraba kamar baƙuwa. Ko sau ɗaya ba ta ce mata "ai na san fuskarki" ba.

Bisa shaidar marigayiya ne kafinta ya yi wa maman yara alkawarin firji kafin zafi ya shigo. Ita kuwa tuni ta janye kabad daga kusurwar falo, ta share wurin, ta sayi doguwar wayar wuta, ta kuma shaida wa maƙwabta za ta fara sayar da ƙanƙara.

Ciwon ajali ya kama ta ne ranar da babbar 'yarsa ta dawo hutu, ya miƙa mata wayar don ta ga ƙoƙarin ubanta. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, wanda ya ciro daga aljihun dama ya sa a na hagu, riba ya ci?" Ta nuna masa maɓallin tura kuɗi tsakanin asusu, wanda ya daɗe yana tsallakewa, sannan ta bi abubuwan da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa. Koren layi ya yi ta ramewa a gaban idonsa, har ya dawo tsawon ƙusa. Da yarinyar ta fita, kafinta ya ɗora yatsa a kan Ma'ajiya, ta yi 'yar karkarwa, ya goge ta daga wayar, shi ke nan.

Ta bar asusu uku, biyu babu ko sisi. Ta bar dubu ashirin mai fama da gajiyar tafiya, da wayar wuta sabuwa dal a leda, da shararriyar kusurwa da ake goge ta kullum safe.

Har yanzu maman yara ba ta sami labari ba. Ana roƙon wani dattijo mai taushin baki, wanda kuma ƙafarsa ke da sauri, ya taimaka ya kai mata.

Za a yi zaman makoki a shago, inda mai rashin ya riga ya shimfiɗa tabarma a bayan katakai, ba a san ranar tashi ba. Masu zuwa ta'aziyya su taho da ruwan sanyinsu.