Firjin Malam Rabe da Sarkin Hatimi

Ranar Talata da hantsi ina ƙulla zoɓo a leda sai ga Hansai maƙwabciyata ta faɗo gidan, ko sallama babu.

"Uwani, masu duba kayan wuta sun shigo Unguwar Shanu! Duk abin da ba shi da hatimin hukuma, a mota suke jefa shi."

Kayan wutata ɗaya ne tak, firjin da maigidana Malam Rabe ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Da shi nake yin ƙanƙara da zoɓo nake ciyar da yara. Da can yana da hatiminsa, wata 'yar takarda mai ƙyalli a jikin ƙofa. Lokacin takaba, da zaman ɗaki ya ishe ni, na sa soso da toka na dirje firjin tas, har da ita. Ni na ɗauka datti ce.

Firjin kuma yana da halinsa, in an taɓa shi wutar lantarki tana jan mutum. Malam ya yi ta cewa zai kira mai gyara, rai bai kai ba. Dokar da ya kafa mana ita ce kada kowa ya taɓa shi sai da silifa a ƙafa.

Hansai ta ruga gida ta dawo da wata ƙonanniyar hitar dafa ruwa. Ta ce, "A Babbar Kasuwa na saye ta, hatimi har biyu, ranar farko ta cinye mini labule. Ɗauki ɗaya, ni me zan yi da su?" Muka ɓanɓare, muka manna wa firji da ƙullun koko.

Bai gama bushewa ba sai ga Sarkin Hatimi, shugaban masu dubawar, da kansa, ransa ya daɗe, babbar riga sai ƙamshi. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ya ji an yi mini rasuwa sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya yi ta'aziyya. Na buɗe baki zan ce ya mayar da takalminsa, Hansai ta mintsine ni.

Ya sa tabarau, ya ƙura wa takardar ido. "Madalla. Hajiya, firjinki lafiyayye ne." Sai ya dafa shi.

Jama'a, ban san manya suna iya tsalle haka ba. Hula ta yi gabas, tabarau ya yi yamma, salati kuwa har layin baya.

"Mene ne wannan?"

Hansai ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai yana da hatimi."

Ya ɗauki tabarau, ya sake dubawa daga nesa. "Haka ne. To, jikina ne yau ba daidai ba." Ya sha zoɓo leda biyu, ya yi mana sallama.

Tun rasuwar Malam ban yi dariya irin ta ranar ba, har na ƙare da kuka.

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Su shida suka zo a mota guda, amma babu wanda ya leƙa bayan firji ya ga waya. Washegari ni da kaina na kira Ila mai gyara ya yi abin da Malam ya so yi.

Hatimin yana nan manne. Amma silifa ma na bar su a gaban firjin, ko da wani babba zai sake zuwa ta'aziyya.