Rasuwar Tagar da Ke Kallon Titi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni maigidan nan nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da masu bi ta layinmu, rasuwar tagar ɗakina mai kallon titi. Ina so a sani tun daga farko cewa ba tsufa ne ya kashe ta ba. Garaje ne, garajen babban ɗana, wanda uwarsa ta laƙaba wa Yanzu-Yanzu tun yana rarrafe, kuma ga furfura ta fara leƙo masa, sunan bai sake shi ba.

Marigayiyar ta girmi duk 'ya'yana. Katako ce mai nauyi, mai ladabi, ba ta taɓa buɗewa ba tare da ta gaishe ni ba: ƙiiii da safe, ƙwas da yamma in an tura sakata. Gara ta gwada ta, ta haƙura. A gefenta nake zama, kuma ta nan nake sanin wanda ya makara aiki, da wanda ke zuba shara a kwata, da mai tsayuwa a ƙofar da ba tasa ba. Ba ta taɓa kai maganata waje ba, ta waje kuwa ba ta taɓa ɓoye mini ba.

Jinyarta ba ta kai ta kawo ba. Iska ce ta buga ta, gilashin ƙasa ya yi tsaga siririya kamar zare. Na ce a kira mai gilashi ya yanko wani ya sa, shi ke nan. Yanzu-Yanzu ya ce faci ba ya ƙarewa, wai zamanin katako ya wuce, a tumɓuke ta gaba ɗaya a sa ta alminiyom mai zamewa. Na zaunar da shi. Na gaya masa gidan nan da ido aka daidaita shi, bangon sama ya daɗe da jingina a kafaɗar tagar nan, sun karkace tare kamar ni da uwarsa, kuma wanda ya janye ɗaya zai ji daga ɗayan. Ya ce, “To, Baba.” Duk wanda ya haifa ya san irin wannan to ɗin.

Ranar da na je asibiti a duba mini gwiwa Yanzu-Yanzu ya shigo da mutane da guduma. Uwarsa ta ce marigayiyar ta yi ƙara doguwa, ƙiiii, daga nan ba a sake jin ta ba. Na dawo na tarar da ita kwance a ƙasa, ƙusoshinta a waje.

Sabuwar da ya yo oda, ta ƙasa kawai ya auna mata. Ita ta zo a miƙe sak, ramin kuwa karkatacce ne, ga bangon sama ya sauko da ya rasa madogara. Suka juya ta, suka tura, suka doka, har nata gilashin ya tarwatse. Mai shagon ya ce abin da aka yanka bisa awo ba ya komawa. Yanzu ga tsaga tana hawa bango tana neman rufi, magini kuma ya ce kada kowa ya kwana a ƙarƙashinta sai an sa ƙarfe.

Tun ranar ban zauna ba. In ja kujerata zuwa falo, in mayar da ita baranda, in dawo in tsaya gaban ramin ina kallon ledar da aka rufe shi da ita tana fal-fal. Kowace yamma hadari sai ya haɗu, ni kuma in tashi in duba, in koma, in sake tashi. An yi baƙi a layin nan, an yi faɗa, wani ma ya sayi mota, duk sai a bakin mutane na ji. Uwar yaran ta ce in daina zagaye ina sa ta jiri. In zauna a ina?

Ta rasu ta bar labule, wanda ke rataye ba abin da zai rufe. Da sakata, tana aljihuna. Da sauran gilasanta, lafiyayyu ba ko kwarzane. Da gizo-gizon kusurwa, wanda ba a san inda ya nufa ba.

Za a yi mata rakiya gobe da hantsi zuwa ɗakin ajiya. Ba za a ƙona ta ba, ba za a ba 'yan gwangwan hinjinta ba. Yanzu-Yanzu ne zai ɗauke ta, shi kaɗai, a ka, kuma a hankali.

Masu ta'aziyya su same ni a ɗakinsa, don can na tare har magini ya gama. Ga abin da garaje ya ci masa: ɗakinsa, da gadonsa, da fankarsa, da matarsa, wadda ta koma kwana wurin uwarsa, da teburin cin abincinsa, wanda za a toshe ramin da shi kafin ruwa, da sabuwar taga da ba ramin da zai karɓe ta, da ranakun hutunsa, da zai ƙare yana miƙa wa magini yashi. Benci ya rage masa a falo.

Tagar ɗakin nasa katanga take kallo, kuma ba ta cewa komai. Shi ma, karon farko tun da aka haife shi, haka.