Kwalbar Inna a ɗakin amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi jeren Yaya Habi a Rogo ba, ko da kuwa na so. Lokacin ban daɗe da shiga babbar sakandare ba, bidiyo mai kaset yana tashe a Kano, ni kuma ina jin babu abin da ban sani ba a duniya (na taɓa shiga lifta sau ɗaya, ku yi min uzuri).

Yaya Habi 'yar Baffana ce, a hannun kakarmu Inna ta tashi a Unguwar Hajji, can Karaye. Da aka tashi tafiya jere, Inna ta fito da wata kwalba daga ƙarƙashin gadonta a naɗe cikin tsohon zani. Kwalbar gilas ce mai nauyi, ƙasanta da faɗi kamar ƙaramin tulu, wuyanta dogo, jikinta duk an yayyanka shi yana walƙiya, marfinta ma gilas ne mai kama da kan albasa. Zamzam take ajiyewa a ciki. Duk alhajin da ya kawo mata tsaraba nan take juyewa, kuma duk jaririn da aka haifa a zuri'armu sai an ɗiga masa. Inna ba ta da zinare, ba ta da shanun kanta. Wannan kwalbar ce abin da za ta ba yarinyar da ta raina, kuma so take a sa ta a saman kabad inda dangin ango za su gani.

Matsalar ita ce babu wanda ya san daga ina ta fito. Tun a mota ake musu. Gwaggo Talatu, yayar babana, ta rantse marigayi Malam, mijin Inna, shi ne ya zo da ita daga Makka, zamanin da ake bi ta Sudan. Wata ta ce ina, Bature mai sayen auduga ne ya ba shi lokacin yana aiki ofishin hakimi. Wata kuma ta ce ai kwalbar humra ce ta matan Barno. Na tambayi Inna shekarun kwalbar, ta ce, "Ni dai na tarar da ita a ɗakinsa. Ta girmi ubanki." Shi ke nan tarihin.

Aka gama jere, ɗaki ya yi kyau, kwalba tana can sama tsakanin tangaran. Bayan la'asar matan dangin ango suka shigo ganin ɗaki, gwaggon ango Hajiya Yalwa a gaba. Aka yi gaisuwa kamar ba za a gama ba, ya hanya, ya taro, ya mutan Karaye, ya gajiya. Sai idon Hajiya ya sauka a kan kwalbar.

"Masha Allah. Wannan fa ta ina ce?"

Musu ya dawo sabo. Gwaggo ta ce Makka, aka ce auduga, aka ce humra. Can wata ta ɗaga ƙasan kwalbar ta ce akwai rubutun boko. Gwaggo ta waigo: "Ina 'yar birnin nan? Zo ki karanta mana, ba don haka ake biya miki makaranta ba?"

Na zo ina yanga. Na duba, na karkata ta wajen taga, na ƙara dubawa. Wallahi wasu 'yan ƙananan haruffa ne da suka goge, ban gane ko ɗaya ba, ban ma san ko a kife nake kallonsu ba. Na mayar wa Inna. Mata kusan ashirin sun zuba min ido. Wata a baya ta ce, "To, bokon ma bai kai nan ba." Aka yi dariya.

Dariyar nan ce ta kashe ni. Ina neman abin da zan faɗa in fanshi kaina, sai na tuna na taɓa ganin irinta sak a fim gidan maƙwabta, wani Bature mai gashin baki yana cire marfin yana tsiyayawa a ɗan kofi. Ban lura ba ashe a daidai lokacin Inna ta riga ta tsiyaya wa Hajiya Yalwa zamzam a murfin kwano don albarka, har ta kai baki.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ai na san ta! Kwalbar giya ce. Turawa ke zuba giya a ciki."



Hajiya Yalwa ta tsaya da ruwa a kumatu. Ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba (zamzam ne fa, a ina za ta tofar?). Idonta kawai ke yawo. Sai salati ya ɓarke. Wata ta ce ita 'ya'yanta uku duk sun sha. Wata tana tambaya ko alwalarta tana nan. Tsofaffin suka juya harshe zuwa Fillanci, wanda ba na ji, sai sunana kawai nake tsinta a ciki. Yaya Habi tana ƙarshen gado cikin lulluɓi, na ga kafaɗarta tana rawa, har yau ban san kuka take ko dariya ba. Gwaggo ta miƙa hannu za ta fitar da kwalbar daga ɗakin gaba ɗaya, na ga fuskar Inna ta canza.

Da Hajiya ta samu ta haɗiye, ni ta kalla.

"'Yan mata, ke a ina kika san kwalbar giya?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce a fim. Ta ce wane fim? Na ce na Turawa. Gwaggo ta ce, "Uban naki ya san kina kallo?" Na ce a'a, wato e, wato ta taga na hango. Kowace amsa sai ta fi ta baya muni.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ture hannun Gwaggo, ta goge kwalbar da gefen mayafinta, ta mayar da ita saman kabad da kanta.

"Ko ma me ta sha a hannun Bature, tun kafin a haifi wannan ja'irar zamzam take sha. Ta daɗe da musulunta. Hajiya, a ƙara miki?"

Hajiya Yalwa ta yi dariya har da hawaye, ta miƙa murfin kwanon. Kwalba ta zauna a ɗaki, tana nan gidan Yaya Habi har yanzu, kuma har yanzu babu wanda ya san ko daga Makka take, ko daga Ingila, ko shekarunta nawa. Kwanaki na ɗauki hotonta na duba a waya, irinta suka fito kala-kala, na ƙara rikicewa.

Ni kuwa labari ya riga ni isa Kano, Baba ya hana ni shiga gidan maƙwabta har hutu ya ƙare. Duk sanda na je Rogo sai wata tsohuwa ta ce, "A'a, masaniyar kwalabe ce da kanta?"

Tun daga ranar, in aka miƙo min abu a cikin taro aka ce ke da kika yi boko mene ne wannan, sai in juya shi sau biyu cikin natsuwa, in mayar, in ce, "Kai, yana da kyau."