Fad Ɗin Marigayi

Tun da ƙanena ya rasu, fad ɗinsa na buga gem yake cikin durowa. Mun saba buga gem ɗin harbi a talabijin ɗaya, allo rabe biyu, shi sama ni ƙasa.

Da sabon gem ɗin ya fito, gardama ta kaure a guruf ɗinmu na waya. Wasu suka ce an cire wasan mutum biyu. Ni da ban ko kunna shi ba, na tura murya ta minti bakwai, na ce jita-jita ba ta dace da manya ba. Na gayyaci Bello, aminin marigayin, ya zo ranar Asabar ya riƙe fad ɗin.

Ya taso daga Boɗinga zuwa Shagari da mutum huɗu. Na goge fad ɗin, na miƙa masa. Na kunna gem ɗin ina neman wasan mutum biyu, na duba nan, na duba can, na kashe na sake kunnawa. Na zargi talabijin, na zargi janareta. Na kasa zama.

"Yaya," in ji Bello a hankali, "wanga abu babu shi."

"Akwai," na ce. "Ɓoye shi sunka yi."

Haka muka yi karɓa-karɓa da fad ɗin marigayin har la'asar. Da zai tafi, Bello ya ce, "Da yana nan, shi za ya fara yi ma dariya."

Har yau, ko gishiri bai ji a miya ba, sai wani cikin waɗanda suka zo ranar ya dube ni ya ce, "Akwai. Ɓoye shi sunka yi."